Barcin da Aka Ce Ƙodata ce Ta Kai wa Yaya

Duk wanda ya ji an yi wa yayana dashen ƙoda, tambaya biyu yake yi mini: nawa aka kashe, kuma an dace? Ba wanda yake tambayar abin da ya biyo baya. To, abin da ya biyo bayan shi ya fi ɗaure mini kai, kuma saboda shi na zauna rubuta wannan, ko Allah zai sa wani mai jinya irin tamu ya gane da wuri.

Sunana Hadiza, a gida Dije. Ina aure a Kwanyawa ta ƙasar Karaye, ina koyarwa a firamare. Yayana Isa, uwa ɗaya uba ɗaya, yana gidanmu na gado a Jajaye ta ƙasar Rogo. Shi ne magatakardan dagaci. Cinikin gona, rabon gado, shaidar iyaka, duk da hannunsa ake rubutawa. Hawan jini ne ya cinye masa ƙoda a hankali ba mu sani ba. Ya yi fiye da shekara ana kai shi Kano wankin ƙoda sau biyu a mako. Ba zan tsaya kan wannan ba, wanda ya yi ya sani. Abu ɗaya kawai nake so mai karatu ya riƙe: a wancan lokacin, duk sanda datti ya taru masa a jini, barci yake yi. Ana gobe wanki sai ya wuni kwance kamar an zare masa laka. Tun daga nan na ɗauki barcin rana a wurin Yaya a matsayin mugun labari.

Da aka gwada 'yan uwa, tawa ce ta dace. Maigidana ya yi kwana uku yana nazari, ran na huɗu ya ce, "Je ki, Allah ya sa ki tarar a mizani." An sayar da gona biyu, mutanen gari suka yi karo-karo, har waɗanda ba su da na cefane sai da suka kawo abin da ya samu. Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Yaya ya zauna wata uku a Kano kusa da asibiti, da takunkumi a baki. Ni kuwa mako shida na koma aji da tabona a gefen ciki.

Ya dawo Jajaye ana tsakiyar kaka, rumbuna sun cika, hannun kowa da abu. Ku tuna, wannan mutum ne da aka fi shekara ana auna masa ruwan sha da kofi, an hana shi wannan an hana shi wancan. Yanzu likita ya ce ya ci abinci, ya dai rage gishiri. Ga kuma wata 'yar ƙaramar ƙwaya a cikin magungunansa mai buɗe ciki kamar an ɓalle ƙofar rumbu. Sai kwanuka suka fara shigowa. Tuwon masara yana ninƙaya a man shanu, dambun nama, waina, fura da nono, kunun gyaɗa da aka zuba wa sukari ba tausayi, mazarƙwaila, soyayyen kifi daga Karaye, wanda ni da kaina nake kai masa duk Asabar. Yaya kuma mutum ne mai kara. Ya san duk mai kwano za ta tambaya ko ya ci, don haka ba kwanon da yake fita bai sa masa hannu ba, ko da kuwa na bakwai ne a ranar.

Kafin wata biyu kumatu sun fito, wuya ya yi kauri, sai da tela ya buɗe masa wuyan rigunansa. Masu dubiya suna ta "Masha Allah, ya murmure, kamar ba shi ba." Ba wanda ya kai ni murna. Duk tsokar da ya ƙara, ji nake kamar takardar yabo aka ba ƙodata. In faɗi gaskiya, har tafiyata ta canja a Jajaye.

A wajen mako na takwas na fara ganin abin. Na je ran Asabar, na durƙusa ina gaishe shi a rumfar tsakar gida. Mun yi ina wuni, mun yi ya gajiya, na tambayi jiki, ina cikin ba shi saƙon gaisuwar maigidana sai na ji shiru. Na ɗaga kai, ga Yaya haɓa a ƙirji. Na ce ko gajiyar baƙi ce. Asabar ta gaba aka ce mini ya yi gyangyaɗi a huɗubar Juma'a har ya jingina da kafaɗar na kusa da shi. Ta gaba kuma labarin ya fi muni. Ana tsakiyar shari'ar iyakar gona a fadar dagaci, mutum biyu suna ta ɗaga murya, dagaci ya juya ya ce a karanto abin da aka rubuta. Aka duba, biro ya ja dogon layi daga tsakiyar takarda har ƙasa, magatakarda ya yi nisa. Dagaci mutumin kirki ne, ya ce a bar shi, mai jinya ne. Amma maganar ta zaga gari kafin la'asar.

Gwaggonmu, ƙanwar babanmu da take aure a Gwangwan, ita ta zo da bayani. Ta same mu a tsakar gida, ta ajiye ƙullin gorubar da ta kawo wa yara, ta dubi Yaya yana barci ta dube ni.

"Yo me kuke mamaki? Ƙodar wa aka sa masa? Ai barcin Dije ne ya bi ta. Yarinyar da ranar da aka kai ta ɗakin miji ta yi barci tun 'yan rakiya ba su watse ba!"

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, domin ba ƙarya ta yi mini ba. Tun ina ƙarama an san ni da barci, ko a kan buhun gyaɗa aka ajiye ni sai na yi. Daga ranar sunan ciwon ya zama barcin Dije. Ni kuwa mai son bin diddigi ce, sai na ce to, in ƙoda tana ɗaukar barci, ai ya kamata nawa ya ragu da rabi tunda ɗaya ta rage mini. Na sa wa kaina ido mako guda cur. Ko ƙwayar gero bai ragu ba.

Dariya nake yi a gaban mutane, amma a kan babur in za mu koma Kwanyawa gabana faɗuwa yake yi. Na san barcin nan. Tambaya ɗaya ce take cin raina, wadda ba wanda ya yarda ya furta: ko ƙodar ce take mutuwa?

Shawarwari kuwa ba a magana. Wani ya ce goro, Yaya ya dinga ci har haƙora suka yi ja. Wani ya ce shayi mai kauri da kofi. Aka yi tofi, aka yi sadaka, waɗannan ban hana ba. Amma ranar da Gwaggo ta aiko da jiƙon sassaƙe a galan, na tare shi a zaure na tuttular a bayan gida, domin likita ya ja mana kunne ƙwarai a kan haɗa maganin dashe da na gargajiya. Gwaggo ta ce boko ya ɓata ni. Na ce na ji, na gode.

Abin da ya tayar mini da hankali sosai shi ne da na gano Yaya ya tsallake ranar ganin likita har sau biyu. Na farko ya ce aiki ya yi yawa a fada. Na biyu ya ce kuɗin mota da na gwaji sun yi tsada, a bari sai wata mai zuwa. Tsada kam akwai ta, maganin wata ɗaya kaɗai ya isa ya sa mutum zufa. Amma mutumin da bai taɓa makarar shan ƙwaya da minti goma ba, shi ne zai ƙi zuwa a duba jininsa? Duk sanda na tambaye shi jiki, amsa ɗaya ce: "Alhamdulillahi Dije, da sauƙi."

Da aka ba mu hutun makaranta na roƙi izini na tafi Jajaye da niyyar kwana bakwai. Na ce tunda ba mai gaya mini, zan zauna in kalli barcin nan da idona, kamar yadda nake zama bayan aji in gano yaron da yake satar amsa. Bayan azahar Yaya yakan kwanta rigingine a tabarma a ƙarƙashin rumfa. Ni da matarsa Rabi muka zauna gefe muna ɓarar gyaɗa.

Abu na farko da na lura, wannan barcin ba irin na da ba ne. Na da shiru ne, da tashin zuciya, ƙafafu a kumbure, fitsari sai a wuni ba a yi ba. Na lallaɓa na danna masa ƙafa da babban yatsa, ba ta lotsa ba. Buta kuwa ba ta hutawa. Wannan barcin mai hayaniya ne. Minshari yake yi har kajin gidan suna ɗaga kai. Yana cikin yi sai ya ɗauke ɗif. Ƙirji yana motsi kamar mai kokawa, amma ba iskar da take shiga. Can sai ya yi wata irin shaƙa kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya motsa, ya ci gaba da minshari, bai ma san an yi ba.

Na ajiye gyaɗar na ɗauko carbi. Da ya sake ɗaukewa na fara ja, subhanallah, subhanallah. Na kai ashirin da ɗaya kafin ya shaƙa. Na gaba goma sha bakwai. Wani sai da na kusa ƙare talatin da uku. Kafin kiran la'asar na daina ƙirga sau nawa ya yi.

Na juya wajen Rabi. Tsakanina da ita akwai wasa, matarmu nake ce mata, amma ranar ba wasa a bakina.

"Matarmu, da dare ma haka yake yi?"

Ta sunkuyar da kai tana murza ɓawon gyaɗa. "Na dare ya fi haka, Malama."

"Tun yaushe?"

"Tun da jikin nan ya fara cikowa. Ni zaune nake kwana, in ya ɗauke in taɓa shi. Da safe ya tashi da ciwon kai, baki a bushe."

"Kuma kike raka shi asibiti ba ki faɗa wa likita ba?"

"Haba Malama. Ina zaune gabansa in ce maigida yana minshari? Da wane bakin? Kuma ai ni likita bai taɓa tambayata ba, shi ake tambaya, ya ce da sauƙi." Sai hawaye. "Wallahi na ɗauka irin numfashin nan ne na masu shirin tafiya. Tsoro ya hana ni faɗa wa kowa."

Sai a lokacin na kalli idanunta da kyau. Wata uku matar nan ba ta yi barcin kirki ba, muna ta yaba ƙibar miji ba wanda ya ga ramar mata. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo baya, na rasa wa zan ji wa. Washegari na sa wayata kusa da kansa na naɗi minsharin, da shirun, da shaƙar.

Da yamma na same shi na ce jibi za mu Kano. Ya fara kawo maganar fada da ta kuɗi. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, shekara takwas ya ba ni, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Amma na ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Ni ƙodata zan je a duba mini. Tunda tana wurinka, sai dai ka daure ka rako ta." Ya dube ni ya dube ni, ya ga ba alamar wasa, ya ce Allah ya kai mu.

Mun bar gida, ni da shi da Rabi, ana idar da sallar asuba, babur zuwa Rogo, mota zuwa Kano. Layin kati, layin biyan kuɗi, layin ɗibar jini, sannan zaman jiran sakamako a benci har bayan azahar. Yaya ya yi barci a kowane layi. Ni kuwa, gwanar barci, ko ƙifta ido na kasa.

Da muka shiga, likita ya buɗe fayil ya ce, "Malam Isa, kwana biyu. Yaya jiki?"

"Alhamdulillahi likita, da sauƙi."

Na ce, "Likita, ka gafarce ni, ba sauƙi."

Kallon da Yaya ya yi mini, da a gida ne da na nemi wurin ɓuya. Na kunna wayar na ajiye a kan tebur. Minshari ya cika ofis. Rabi ta ja hijabi ta rufe fuska. Da aka zo wurin shirun, sai na ga likita ya ajiye biro yana kallon agogon hannunsa. Na gaya masa lissafin carbina. Bai yi dariya ba, sai ma ya rubuta. Ya sa Yaya ya hau sikeli, ya auna wuyansa da tef kamar tela, ya leƙa maƙogwaro, ya gwada jini ya ga ya hau. Sannan ya juya wajen Rabi ya yi mata tambayoyi a hankali, tana amsawa daga cikin hijabi.

Ni dai na ƙagu. Na ce, "Likita, ƙodar fa?"

Ya duba takardar gwaji. Akwai wata kalma da muka haddace tun zamanin wanki, kiretinin, ma'aunin dattin jini ke nan, in ya hau ƙoda ta gaza. Ya ce, "Kiretinin ɗinsa lafiya lau. Ƙodarki tana aikinta, Hajiya." Ban san sanda na ce Allahu akbar da ƙarfi ba, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Ya yi mana bayani da Hausa mai sauƙi. Ƙiba ta taru a wuya, in ya kwanta rigingine hanyar iska sai ta rufe. Jiki ya firgita ya tashe shi don ya shaƙa, ya koma, ta sake rufewa, haka har gari ya waye. Mutum yana ganin ya kwana yana barci, alhali bai samu na kirki ba, shi ya sa yake biyan bashinsa da rana. Maganar da ta zauna mini ita ce ta ƙarshe: "Duk shaƙar nan tana ɗaga masa jini. Hawan jinin da ya ci ƙodojinsa biyu ba zai ji kunyar wannan ba in aka bar shi."

Na tambaye shi maganar Gwaggo, domin na yi alkawarin sai na ji. Nan kam ya yi dariya. Ya ce ƙoda tace jini take yi, ba ta ɗaukar hali.

Sun kwantar da shi kwana ɗaya da wani ɗan abu maƙale a yatsa mai auna iskar jini, sakamakon ya tabbatar da zancen. Akwai na'urar da ake sa wa a hanci tana tura iska, amma da muka ji kuɗinta, muka kuma tuna yadda wutar lantarki take a Jajaye, sai muka dubi juna. Likita ya ce a fara da abin da za a iya, in bai yi ba a sake shawara. Ina gode wa mutanen asibitin nan har gobe, sun yi mana abin da ba za mu iya biya ba. Amma ina da ƙorafi. Ranar da aka sallame mu bayan dashen an ba mu dogon jerin gargaɗi, zazzaɓi, kumburi, raguwar fitsari, cunkoson jama'a. Ba wanda ya ce mana ku kula da ƙiba, ku saurari barcinsa. Na faɗa wa likita haka, ya ce, "Gaskiyarki. Mu ma jini muke tambaya, ba ma tambayar barci."

Shi da kansa ya rage ƙwayar nan mai buɗe ciki a hankali, ya ce kada mu kuskura mu taɓa ta da kanmu. Ya hana goro da kofi, ya hana Yaya tuƙa babur. Ya ce tafiyar ƙafa kullum, kwanciya kuma a gefe. Don kada ya juya rigingine cikin barci, ya ce a ɗinka masa ƙaramar ƙwallo a bayan riga. Rabi ta ɗinke ƙwallon goruba a bayan singiletinsa. Makon farko Yaya ya ce wannan ba magani ba ne, horo ne.

Mafi wuya shi ne tsayar da kwanuka. Gida gida na bi ina ba da haƙuri, ina cewa wanda yake son Yaya ya kawo zogale ko addu'a. Wasu suka fahimta, wasu suka ce na raina abin hannunsu. Gwaggo ta ce, "Mutum ya yi kyau kamar ango, za ki mayar mana da shi ƙashi da rai." Da ya fara faɗawa kuwa, sai raɗe-raɗi ya tashi cewa ciwon ne ya dawo, har aka fara zuwa dubiya da fuskar jaje.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba. Wata na farko Rabi ta ce ɗaukewar ta ragu. Wata na biyu ciwon kan safe ya tafi. A wata na huɗu ya zauna rabon gadon wani gida tun hantsi har la'asar, ya rubuta shafi shida ba layin da ya karkace. Har yanzu yakan yi gyangyaɗi in ya ci tuwo da rana, kuma maganar na'urar ba mu rufe ta ba. Shawarata ga masu jinya ita ce, ku zauna ku kalli barcin majinyacinku, ku tambayi wadda take kwana kusa da shi a keɓe, kuma kada ku bar mai kara ya shiga wurin likita shi kaɗai.

Abu ɗaya ya rage da ban gane ba, kuma ni ba na iya barin tambaya. Wata Asabar na raka shi tafiyar ƙafarsa zuwa gona. Muka tsaya a gindin ɗorawa yana hutawa, na ce, "Yaya, me ya sa ka ƙi zuwa asibiti wancan lokacin? Kada ka ce mini kuɗi."

Ya dubi kunyoyin gyaɗa, ya ce:

"Na ɗauka ta mutu, Dije. Na san barcin nan, ke ma kin san shi. Na ce in na je za su faɗa, in sun faɗa za ki ji. An yanka ki saboda ni, kina da yara ƙanana. Mutane sun hana cikinsu sun kawo. Da wane ido zan dube ku in ce abin bai yi ba? Na ce gara in yi shiru, ki ƙara ko wata biyu ne kina murna. Har na ce wa dagaci ya fara neman wani magatakarda."

Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, duka a lokaci ɗaya. Na ce, "Yaya, ranar da aka tura ni ɗakin tiyata na gama da ƙodar nan. Kyauta ce, ba ajiya na ba ka ba. In ta yi shekara talatin, alhamdulillahi. In gobe Allah ya karɓe ta, ba ruwanka, ba kai ka yi ba. Abin da ba zan yafe maka ba shi ne ka mutu a gabana kana ce mini da sauƙi."

Ya cire hula ya goge fuska da ita, ya daɗe bai mayar ba. Muka dawo gida.

Asabar ta gaba na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Na ce, "Yaya, ya jiki?"

Ya buɗe baki, na ga amsar da ya saba ta zo har leɓe. Sai ya haɗiye ta. Ya ce, "Shekaranjiya na yi gyangyaɗi sau biyu a fada. Kuma tun jiya nake jin jiri in na miƙe."

Na ce, "Madalla. Ɗauko katinka."

Ban taɓa jin daɗin mugun labari kamar na ranar ba.